Agogo a Matsayin Shaida: Darasi a Kan Yadda Ake Datse Dayol a Cikin Ruwa

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun saba da muhawarar nan ta ko Hausa za ta iya ɗaukar ilmin kimiyya. Galibi idan muhawarar ta yi zafi, sai wani ya ɗauko jerin kalmomi, ya ce ga fassarar wannan, ga fassarar waccan, shi ke nan a watse. A ganina jerin kalmomi somin-taɓi ne kawai. Harshe yakan nuna ƙarfinsa ne idan aka ɗora masa hujja mai sarƙaƙiya, aka bi ta daga tushe, har mai karatu ya kai inda zai ce ya gamsu ko bai gamsu ba. Abin da nake son gwadawa ke nan a wannan maƙala, da wata mas'ala daga kimiyyar sinadarai, wato kemistiri.

Ga mas'alar. An haɗa sinadarai biyu a cikin ruwa. Ruwan garau yake kafin a haɗa, garau yake bayan an haɗa. Amma masana suka ce tsakanin farko da ƙarshe akwai wani abu na uku da yake samuwa ya ɓace, har ma suka zana siffarsa a takarda. Ta yaya suka sani? Babbar shaidarsu ita ce agogo.

Mene Ne Dayol?

Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Idan atam suka haɗu suka yi ƙungiya, ita ce molikul. Abin da ke riƙe atam biyu wuri guda zan kira shi ɗauri, kuma kowane ɗauri ilektoron biyu ne ke riƙe da shi. Atam ɗin kabon yana da halin ɗaurewa da ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa, sauran atam su rataya a jikinta. Daga cikin masu ratayar akwai haɗin oksijin ɗaya da haidurojin ɗaya, wanda ake rubutawa OH. Don sauƙi, zan riƙa kiran wannan OH da suna hannu.

Molikul mai hannu biyu shi ne dayol. Wanda ya dame mu a nan shi ne wanda hannuwansa biyu suke kan kabon biyu maƙwabtan juna, babu kowa a tsakaninsu. Mafi ƙanƙanta a wannan dangi shi ne etilin gilaikol, HO–CH₂–CH₂–OH, wanda ake haɗawa a ruwan sanyaya injin mota da ake zubawa a lagireto. Yana da zaƙi, amma guba ne. Gilisarin da ke cikin man shafawa yana da hannu uku a jere. Sukari da sitaci da zaren auduga kuwa cike suke da irin waɗannan hannuwa maƙwabta.

Ɗaurin kabon da kabon ƙaƙƙarfa ne. A tafasa gilaikol da ruwa yini guda, ba zai tsinke ba. To amma a shekarar 1928 wani masani ɗan Faransa, Léon Malaprade, ya nuna cewa sinadarin feriyodet, IO₄⁻, yana datse wannan ɗauri a cikin ruwa ba tare da an hura wuta ba. Feriyodet dangin aidin ne, wannan dai da ake shafawa a ciwo, sai dai a nan atam ɗin aidin yana kewaye da oksijin. Idan ya gamu da etilin gilaikol, sai molikul ɗin ya rabu gida biyu, kowane rabi ya zama fomaldihaid, wanda ruwansa ne ake kira fomalin. Shi kuma feriyodet ya koma ayodet, IO₃⁻. A lissafin masu kemistiri aidin ya sauko daga matsayin +7 zuwa +5, wato ya ƙwace ilektoron biyu daga dayol. Wannan ƙwacen ilektoron shi ake nufi da oksideshan.

Shekara uku bayan haka, a 1931, Rudolf Criegee a Jamus ya sami wani sinadari na dalma da ke yin irin wannan aiki. Sai dai nasa ba ya jure ruwa, lalacewa yake yi, don haka a cikin wasu ruwaye na daban ake amfani da shi. Feriyodet shi ne gwanin ruwa, shi ya sa ya zama abokin masu nazarin sukari da danginsa, waɗanda a ruwa suke narkewa.

Abin mamaki game da feriyodet shi ne tsantseninsa. Idan aka sa kabon ɗaya tak a tsakanin masu hannuwan biyu, sai ya ƙyale molikul ɗin. Barasa mai hannu ɗaya ma ba ruwansa da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi zargin cewa hannuwan biyu yake kamawa gaba ɗaya. Amma zargi daban, hujja daban.

Tambayoyi Biyu

Masu wannan fanni suna rarrabe tambayoyi biyu. Ta farko: da wane sauri aikin ke tafiya, kuma me ke ƙara masa sauri ko rage shi? Wannan zan kira shi nazarin sauri. Ta biyu: ta waɗanne matakai molikul ya bi daga siffarsa ta farko zuwa ta ƙarshe? Wannan zan kira shi tafarki. Sauri ana auna shi. Tafarki kuwa ana tsara shi ne kamar labari, sannan a kawo shi gaban awo a ga ko zai tsira.

Yadda ake awon ba shi da wuyar fahimta. Ana ajiye ruwan dayol da ruwan feriyodet a cikin kwatarniyar ruwa mai zafi tsayayye, sau da yawa kusa da sanyin ƙanƙara, domin etilin gilaikol yana da gaggawa ƙwarai. Ana kare su daga haske, saboda haske yana lalata feriyodet. Da an haɗa su sai a kunna agogo. Bayan kowane ɗan lokaci a ɗebi kaɗan a zuba cikin wani sinadari, kamar asanait, wanda zai cinye feriyodet ɗin da ya rage nan take, aikin ya tsaya cik. Daga nan a auna asanait ɗin da ya saura ta hanyar ɗiga masa ruwan aidin, da ɗan sitaci a ciki. Ɗigon da ya sa ruwan ya koma shuɗi shi ne alamar an kai. A yau an fi amfani da na'urar auna haske, domin feriyodet yana shanye wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 222, kuma gwargwadon raguwarsa gwargwadon raguwar shanyewar.

Akwai wata dabara da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ana zuba dayol ya ninka feriyodet sau goma ko fiye. Ta haka ko an gama aikin, dayol bai ragu da wani abin kirki ba, sai a ɗauka yawansa a tsaye yake. Abu ɗaya ke nan ake kallo yana raguwa. A irin wannan hali feriyodet yana raguwa da rabi a cikin wani ƙayyadadden lokaci, rabin da ya saura ya sake raguwa da rabi a cikin daidai wannan lokaci, haka har ya ƙare. Daga wannan ake fitar da lamba guda mai nuna saurin aikin. Sai a sake gwajin da dayol mafi yawa, a sake, a sake, a jera lambobin.

Inda Lissafi Ya Ƙi

Da a ce karo ɗaya ake yi, wato dayol ya bugi feriyodet ya rabu nan take, to duk lokacin da aka ninka yawan dayol dole sauri ya ninku. Karo ya ninku, datsewa ta ninku. Ba makawa.

Da aka auna da etilin gilaikol ba haka aka gani ba. Idan dayol kaɗan ne, ninka shi yana kusan ninka sauri. Da aka ci gaba da ƙarawa, sai ribar ta riƙa raguwa, har aka kai inda ƙarin dayol ba ya ƙara kome. Sauri ya kai rufinsa. Frederick Duke a Amurka ya bayyana wannan a 1947, sannan G. J. Buist da C. A. Bunton a Landan suka bi shi dalla-dalla a jerin bincikensu da ya fara fitowa a 1954.

Me zai sa sauri ya yi rufi? Bari in kawo misali da tashar 'yan acaba. A ce akwai babura ɗari a tasha. Fasinja yakan zo ya hau, a yi ciniki, idan bai yi ba ya sauka, wani ya hau. Hawa da saukar nan cikin ƙiftawar ido ake yin su. Tashin babur shi ne mai ɗaukar lokaci, kuma babur ba ya tashi sai da fasinja a kansa. Idan fasinjoji 'yan kaɗan ne, yawancin babura a kowane lokaci babu kowa a kansu, don haka ƙarin fasinja yana ƙara yawan masu tashi. Amma idan tasha ta cika maƙil, kowane babur da mutum a kansa, to ko an juye mutanen kasuwa gaba ɗaya a wurin, tashi ba zai ƙaru ba. Abin da ya rage shi ne saurin tashin kansa.

Babur shi ne feriyodet, fasinja shi ne dayol, babur da fasinja a kai shi ne abin nan na uku da ake nema. Zan kira shi ɗan zango, tunda yada zango ake yi a kansa kafin a wuce. Tafarkin ke nan mataki biyu ne. Na farko mai sauri ne kuma ana iya komawa baya: dayol da feriyodet su haɗu su rabu. Na biyu mai jan ƙafa ne kuma ba a dawowa: ɗan zango ya wargaje. Mataki mai jan ƙafa shi ke yanke saurin tafiyar duka, kamar yadda raƙumin da ya fi gajiya ke yanke saurin ayari.

Ana rubuta wannan da alamomi kamar haka. A kira yawan dayol D, a kira ƙarfin son haɗuwar su biyun K, a kira saurin wargajewar ɗan zango k. Kason feriyodet da ke ɗauke da dayol a kowane lokaci shi ne KD ÷ (1 + KD), saurin da ake aunawa kuma shi ne k sau wannan kaso. Mai karatu ya gwada da kansa. Idan KD ya kasance 0.1, kason kusan 9 cikin 100 ne. A ninka D, KD ya zama 0.2, kason ya koma kusan 17. Ya kusa ninkuwa. Amma idan KD ya kai 10, kason kusan 91 ne. A ninka, ya zama 95. An ninka kaya, riba huɗu tak. Ga rufin nan ya fito daga lissafi.

Idan aka kifar da lissafin, sai ya zama 1/sauri = 1/k + 1/(kKD). Ma'ana, idan aka zana 1/sauri a kan 1/D, miƙaƙƙen layi za a samu, wanda bai ratsa ta sifiri ba. Inda ya yanki gefen zanen ya ba da k, gangarensa ya ba da K. Abin da ya fi burge ni a darasin nan ke nan: daga agogo da ɗigon ruwa an fitar da lambobi biyu game da abin da ba a riƙe a kwalba ba, wato yadda yake son samuwa da yadda yake saurin mutuwa. Wanda ya taɓa leƙa ilmin halittu zai gane siffar lissafin, domin irin wanda Michaelis da Menten suka kawo ne a 1913 game da sinadaran jiki masu hanzarta aiki.

Siffar Ɗan Zango

Agogo ya ce akwai ɗan zango, amma bai faɗi kamanninsa ba. Criegee ne ya fara kawo shawarar cewa zobe ne. Hannu ɗaya na dayol ya kama aidin, hannu na biyu ya zagayo shi ma ya kama, sai a sami zobe mai atam biyar: aidin, oksijin, kabon, kabon, oksijin. Daga nan ilektoron su zame a kewayen zoben a lokaci guda. Ɗaurin kabon da kabon ya tsinke, kowane kabon ya ninka ɗaurinsa da oksijin ɗinsa, aidin ya tafi da ilektoron biyu.

A nan Hausa ta yi mana rana. Mun san bambancin "ya tsinka igiya" da "igiya ta tsinke", wato giredi na 1 da na 4 a tsarin aikatau na Parsons. A matakin ƙarshe ba wani molikul da ke zuwa daga waje ya sari zoben. Zoben ne ya tsinke. Mai fassara da ya rubuta "an tsinka zoben" ya canza kimiyyar, ko da nahawunsa daidai ne.

Hujjar zobe daga siffar molikul ta fito. Akwai dayol da kabon ɗinsu suke cikin wani zobe nasu tun asali, don haka hannuwansu ba sa juyawa yadda suka ga dama. Idan hannuwan biyu suna fuskantar gefe ɗaya, datsewa tana sauri. Idan ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, tana jinkiri. Akwai kuma wani dayol na dangin dekalin, mai zobe biyu manne da juna, wanda hannuwansa suke kafe suna ba juna baya, ba yadda za a yi su kusanci juna. Wannan feriyodet ba ya taɓa shi sam. Yana da hannu biyu, a kan kabon maƙwabta, duk sharuɗɗan takarda sun cika, amma tunda zobe ba zai rufu ba, aiki bai yiwu ba. A wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin da tafarkin zobe ƙarya ne, ba dalilin da zai hana wannan molikul datsewa.

Sai finakol. Shi ma dayol ne kamar etilin gilaikol, amma an cire haidurojin huɗun da ke jikin kabon an sa rukunin metil, CH₃, guda huɗu masu cin wuri. Feriyodet yana datse shi ya ba da asiton biyu, wannan ruwan da ake goge jan farce da shi. Amma a hankali yake yi, kuma saurinsa ba ya yin rufi: a ninka finakol, sauri ya ninku. Mai gaggawa zai ce to ga shi nan, babu ɗan zango. A'a. Cunkoson metil ne ya sa rufe zoben ya zama da wuya, har ya koma shi ne mataki mai jan ƙafa. Zoben da ya samu ya rufu, nan take yake wargajewa, ba ya taruwa balle agogo ya gan shi. A tashar nan tamu, hawa babur ne ya zama aiki, wanda ya hau kuwa ya tafi. Tafarki ɗaya, lissafin sauri biyu.

Tsamin ruwa ma yana da ta cewa. Feriyodet ba siffa ɗaya yake zama a ruwa ba. Yakan sha ruwa biyu ya zama H₄IO₆⁻, a ruwa mai tsami sosai ya zama H₅IO₆, a ruwa mai kanwa-kanwa kuma ya saki haidurojin ya zama H₃IO₆²⁻. Shi ma zoben haka yake sauya riga. Da etilin gilaikol an ga aikin ya fi sauri daga ruwa mai ɗan tsami zuwa tsaka-tsaki, ya ja baya sosai a ruwa mai kanwa. Bayanin shi ne zobe mai caji ɗaya ne ke wargajewa, mai caji biyu kuwa zaune yake. Wannan zaman nasa ya yi amfani, domin a irin wannan ruwa yana daɗewa har na'urar auna haske ta ga alamarsa, ta bambanta da ta feriyodet.

Wani gargaɗi a nan. Sinadarin seriyom mai matsayin +4 shi ma yana datse dayol a ruwa mai tsami, kuma sau da yawa saurinsa yana yin rufi irin wanda muka gani. Amma shi ilektoron ɗaya yake ƙwacewa a lokaci guda, ya bar wani ɓallin molikul mai ilektoron marar abokin zama. Ana gane haka idan aka zuba akirilonaitiril a ruwan, domin ɓallin yakan sa shi ya harhaɗu ya zama farin gari. Ashe lissafin sauri iri ɗaya yana iya fitowa daga tafarki biyu mabambanta. Agogo yana iya ƙaryata tafarki kai tsaye. Tabbatar da shi kuwa sai an tara shaidu daga wurare da dama.

Daga Asibiti Zuwa Ƙaro

Tsantsenin feriyodet ya mayar da shi ma'auni. A ɗakin gwaje-gwajen asibiti akwai rinin da ake kira PAS, wanda McManus ya bayyana a 1946. Ana jiƙa siririn yankin tsoka da asid ɗin feriyodet, ya datse dayol ɗin da ke cikin dangin sukari, sannan a zuba ruwan Schiff, wanda ke rina wuraren da aka datse ja mai ɗaukar shunayya. Da shi ake ganin naman gwari a cikin tsoka da sukarin da hanta ke ajiyewa. Haka kuma RNA yana da hannuwa biyu maƙwabta a ƙarshen sarƙarsa, DNA ba shi da su, don haka feriyodet yana kama na farko ya ƙyale na biyu.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne ƙaro, wanda ake tsinta a jikin dakwara a Barno da Yobe da Jigawa, da Cadi da Sudan, wanda masu haɗa tawada suka daɗe da saninsa. Ƙaro katafaren molikul ne mai rassa, an gina shi da ƙananan sukari iri-iri, galaktos da arabinos da ramnos da wani asid na gulukos. Tambayar masana ita ce yaya aka ɗaura su da juna.

Zoben sukari irin galaktos yana da kabon da aka lambata 1 zuwa 6. Idan yana can ƙarshen reshe, hannuwansa na kabon 2 da 3 da 4 duk a sake suke, a jere. Feriyodet biyu zai ci, kabon na tsakiya ya fita a matsayin asid ɗin fomik, wanda ake iya aunawa. Idan kuwa an ɗaura shi ta kabon 1 da 3, hannuwan da suka rage su ne na 2 da 4 da 6, babu biyu da ke maƙwabtaka. Zobe mai atam biyar ba zai rufu ba, feriyodet ya wuce shi. Fred Smith a Jami'ar Minnesota ya gina wata hanya a kan wannan: a datse da feriyodet, a lausasa wuraren da aka datse da wani sinadari, a wanke da asid marar ƙarfi, sai gutsattsarin su zube, abin da ya tsira ya saura. A maimaita, rassa su ƙara zubewa, kamar ana sassabe itace.

A tsakiyar shekarun 1960, a Jami'ar Edinburgh ta Sikotilan, Douglas Anderson da Edmund Hirst da wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Fraser Stoddart suka yi wa ƙaron dakwara wannan sassabe sau da dama a jere. Abin da ya tsira a ƙarshe shi ne sarƙar galaktos da aka ɗaura ta kabon 1 da 3, ita ce ƙashin bayan ƙaro, sauran sukarin rassa ne a jikinta. Stoddart ya kammala digirinsa a kan ƙaron itatuwan wannan dangi a 1966. Daga baya ya koma ƙera molikul masu zobba da ke motsi kamar inji, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel ta kemistiri a 2016 tare da Jean-Pierre Sauvage da Ben Feringa. Ya rasu a watan Disamba na 2024.